Ɗigo Uku na Maƙerar Baba

Duk manomin da ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Kontagora, in ya juya bayanta ya ga ɗigo uku a jere kusa da ƙota, ya san daga maƙerar babana ta fito. Shaidar gidanmu ce tun daga kan kakanmu. Baba yana da wani guntun ƙarfe mai tsini, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. In ya gama aiki sai ya ɗora shi tun ƙarfen yana ja, ya buga sau uku da masaba. Abin da ɗigon ke cewa shi ne, in abin nan ya karye ko ya lanƙwashe, ka san ƙofar da za ka mayar da shi. Fartanya, garma, lauje, gatari, babu abin da ke fita daga rumfar nan ba shaida. Inna takan ce da da hali, da mu ma 'ya'yansa ya ɗiga mana a goshi.

Ni ce babba, kuma mu huɗun farko duk mata ne, don haka ni na yi masa zuga tun ina 'yar shekara bakwai har na tafi makarantar horon malamai. A bakin zuga-zugin nan na koyi ɗaga murya, domin a maƙera ba a magana a hankali. A nan kuma na koyi rashin haƙuri, ko da yake wannan kam, Inna ta ce daga ciki na zo da shi. Har yau abokan aikina suna tsokanata, wai in ina koyar da 'yan aji uku, 'yan aji shida ma suna ƙaruwa.

Baba bai taɓa ƙera bindiga ba. Amma maharba sukan kawo masa bindigoginsu na toka in kunama ta lalace, ya gyara musu, kamar yadda kakanmu ya yi wa iyayensu. A lokacin ba wanda yake ganin abin a matsayin laifi. Bindigar maharbi kayan aiki ce, ta gada da zomo da birin da ke ɓarna a gona. In ya gyara kuwa sai ya ɗiga mata ɗigonsa uku a gindin kunama, don a wurinsa aiki aiki ne.

Cikin maharban akwai amininsa, wani manomi daga wajen Dukku, dogo, mai ƙarancin magana. Mu yara Baba na Dukku muke ce masa. In ya shigo gari a gidanmu yake sauka, da kwalbar zuma da busassun zabi a cikin burgami. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa, har Inna. Mukan ɓuya bayan rumbu mu yi ta dariya, shi ma ya sani, ya bar mu. Bindigarsa ta gado ce, doguwa, an naɗe gindinta da jar fata an jera wuri biyar a kai. Shekarar da kunamarta ta karye, ni na zuga wutar da aka ƙera sabuwa. Ina tsaye Baba ya buga mata ɗigon.

Shekaru suka shuɗe, na yi aure a nan cikin gari, na haihu, ina koyarwa a firamare. Sai daji ya lalace. Mutanen ƙauyuka suka fara shigowa Kontagora da tabarmi da tukwane, suna raɓawa a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Baba na Dukku yana cikinsu. An kashe masa babban ɗansa a gona, ya taso da matarsa da autansu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Bindigar ma ta biyo su, a naɗe cikin tabarma. Ba tasa kaɗai ba. Bindigogin daji da yawa sun shigo gari a wannan lokaci, a cikin buhu, a ƙarƙashin kayan sawa, domin wanda aka kora daga gidansa ba ya barin abin da yake gani shi ne kariyarsa.

Ni ba masaniyar tsaro ba ce, amma na ga yadda abin ya faru da idona. Saurayin da ya saba fita gona tun asuba ya dawo da yamma a gajiye, aka kawo shi gari ba gona, ba sana'a, ba karatu, ga hoton gawar yayansa a cikin kansa. Sai zaman bakin tasha. A can aka ara masa babur ya fara acaba, a can kuma aka koya masa ƙwaya. Da kakar zaɓe ta zo, masu neman kujera suka zo da riguna da huluna, suka raba samarin gida biyu, kowane gida da nasa maigida. Zaɓe ya wuce, iyayen gidan suka ɗaga gilashin motocinsu suka tafi. Suka bar mana yara da gaba a tsakaninsu, wadda su kansu yaran ba su san tushenta ba.

Na sha yi wa Baba magana. Na ce, "Baba, don Allah ka bar gyaran bindigar nan. Zamanin gada da zomo ya wuce."

Ya ce, "Na daina karɓar ta baƙo. Wanda ban san ubansa ba, ba na taɓa masa."

Na ce, "To ko ɗigon ka daina sawa."

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. Ya ce, "In yi aiki in ɓoye hannuna? Ɓarawo ne ni?"

Abin ya faru ranar wata Litinin da hantsi, farkon damina, lokacin da maƙera ke cika da masu gyaran garma. Ina rubutu a allo muka ji ƙara guda ɗaya daga wajen tasha, sai ihu, sai gudun babura. Faɗa ne ya kaure tsakanin gidajen samarin nan biyu a kan wa zai tsaya a bakin ƙofar tasha ya ɗauki fasinja. Aka fara da baki, aka koma gora da wuƙa, sai wani ya ɗaga bindiga. Wanda ta samu ba ya cikin faɗan ma. Wani ɗan acaba ne magidanci, mai 'ya'ya biyu, ya tsaya sauke wata mata da buhun masara. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kafin azahar gari ya hargitse. Aka ƙona rumfuna, aka rufe kasuwa, iyaye suka yi ta zuwa kwasar yaransu. Hukuma ta yi abin da ta saba yi. Aka sa dokar hana fita daga shida na yamma zuwa shida na safe, aka hana hawa babur a cikin gari, aka kafa shingaye, in ka zo wucewa sai ka ɗaga hannu sama. Na ga dattijo mai furfura da buta a hannu ya ɗaga ta sama yana wucewa, ruwa na zuba masa a hula. Sai kuma aka bi maƙeru ɗaya bayan ɗaya aka kwashe maƙeran gari kaf, har da wanda bai iya komai ba sai kaskon tuya. Na yi ta faɗa a gida, na ce an hana masu babur dubu neman abinci saboda mutum ɗaya, gobe kuma a yi mamaki in sun zama wani abu. Mijina ya ce in rage murya, akwai motar sintiri a bakin layi.

Washegari aka saki sauran maƙeran, aka riƙe Baba. Bindigar toka sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗura ta, don haka wanda ya harba ya jefar da ita a kwata ya gudu. Da aka tsamo ta aka wanke, wani ɗan sanda mai noma 'yar gona a bayan bariki ya duba gindin kunamar ya ce ai irin wannan ɗigon ne a jikin fartanyarsa.

Na tafi ofishin a ƙafa, da kwanon tuwo da maganin hawan jinin Baba. Na je da shirin rigima, sai na tarar da babban jami'in wurin mutum ne mai sanyin hali, ba ɗan ƙasar nan ba, Hausarsa ta bariki. Ya ba ni kujera, ya sa aka fito da Baba, ya ce a bar shi ya sha maganinsa tukuna. Sannan ya sa aka kawo bindigar aka ɗora a kan tebur. Jar fatar ta yi baƙi, wuri ɗaya ya fita, saura huɗu. Na gane ta tun daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Baba, wannan shaida naka ne?"

Baba ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na ƙera kunamar."

"Ka san mai bindigan?"

"Na san shi."

"To faɗa mini, ka tafi gida."

Baba ya ce, "Mai ita bai harbi kowa ba, wannan na rantse maka. Sunansa kuwa ba zai fita daga bakina ba. Abin da aka kawo maƙera amana ce."

Jami'in ya shafa kansa. Ya ce shi ba ya son wahalar da tsoho, amma an kashe mutum, gari yana tafasa, daga sama kuma ana tambayarsa. Ranar Alhamis da ƙarfe goma mota za ta tafi Minna da waɗanda aka kama, in ba a sami mai bindiga ba, wanda shaidarsa ke jiki shi zai hau. Kowa ya san wanda aka kai can a kan maganar bindiga, ba a sa masa ranar dawowa. Baba kuwa ya haura saba'in, in ya kwana biyu ba magani ƙafafunsa kumbura suke yi. Sai jami'in ya juyo ya ce, "Malama, ke fa? Kin sani?" Baba ya zuba mini ido, irin kallon da yake mini in na saki zuga ƙarfe yana wuta. Na sunkuyar da kai.

Da aka bar mu mu biyu na 'yan mintoci, na fashe. Na ce, "Baba, amana ce za ta ba ka magani a Minna? Inna ko ruwa ta kasa sha!"

Ya ce, "Rage murya. Kin ji abin da samarin gari ke cewa? Jira suke a ce baƙon ƙauye ne, su je su cinna wa kangayen nan wuta da mata da yara a ciki. In na buɗe baki da safe, kafin la'asar an yi gawa goma. Mutumin nan an riga an kashe masa ɗaya."

Na ce, "To kai fa?"

Ya ce, "Ni na ɗiga. Ba wanda ya sa ni."

Ban taɓa jin haushin mutum da ƙaunarsa a lokaci guda kamar ranar nan ba.

Ranar Laraba da safe na yafa gyale na nufi bayan gari, ban gaya wa kowa ba. Ba babur, keke mai ƙafa uku kuma duk a cike, haka na taka har can, ina tafe ina shirya maganganun da zan faɗa. Na sami Baba na Dukku zaune a ƙofar kangon yana gyaran igiya. An toshe tagogin da buhunan siminti. Matarsa ta kawo mini ruwa a moɗa, ko kallonsa ban yi ba.

Ya ce, "Kai ne? Lafiya? Yaya abokina?"

Na ce, "Abokinka yana kulle kwana biyu saboda bindigarka."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ashe bai sani ba. Ya san bindiga ta ɓace daga cikin tabarma, ya san ɗansa ya shigo ranar Litinin a firgice, uwar ta tura shi wurin 'yar'uwarta a Tungan Magajiya. Ya ji an kama maƙera, ya kuma ji an sake su. Tsoro ya hana shi shiga gari, bai san an ware ɗaya ba.

Ya ce, "Ya faɗa sunana?"

Na ce, "Da ya faɗa da kana nan zaune kana tufka? Gobe da ƙarfe goma za a tafi da shi Minna."

Matarsa ta fara kuka a hankali, tana yi masa magana da yarensu, ban ji ba amma na gane roƙo take yi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Je ka gida."

Nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ɗauka korata ya yi. Na miƙe na ce masa shekara talatin yana cin tuwon gidanmu, ashe zuma da zabi ne iyakar amincin. Na ce in Baba ya mutu a can, jininsa yana wuyansu. Na faɗi haka ga mutumin da ya binne ɗansa da hannunsa, a gaban matarsa, da muryar nan tawa da ake ji daga aji shida. Na fito na bar ruwan a inda aka ajiye shi.

Na yanke shawara ni zan faɗa. Baba ya yi fushi da ni har ƙarshen ransa in ya ga dama, in dai a ɗakinsa zai yi fushin. Ranar Alhamis, wajen ƙarfe tara, na isa ofishin. Motar tana tsaye a fili an buɗe bayanta. Na shiga da sunan a kan harshena.

A kan bencin da ke bakin kanta na gan su. Baba na Dukku da rigarsa ta jiya, jar ƙasar hanya har gwiwa. Kusa da shi ɗansa, kai a sunkuye, an yi masa aski. Uban yana riƙe da wuyan hannunsa, ba riƙon kada ya gudu ba, irin riƙon da ake yi wa yaro in za a tsallaka titi. Ashe ina fita jiya ya nemi mota ya tafi Tungan Magajiya, ya kwana yana magana da yaron, suka biyo motar farko. Ina tsaye jami'in ya fito. Baba na Dukku ya miƙe ya cire hularsa ya ce, "Bindiga nawa ne. Yaro nawa ne. Shi ya harba, zai faɗa da bakinsa. Maƙeri ba ruwansa, ka sake shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Shi kaɗai ya rage mini. Kada a buge shi."

Jami'in nan, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, bai yi gaggawa ba. Ya shigar da su ciki ya rufe ƙofa. Kafin labari ya fita ya aika aka kira masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan acaba da dangin mamacin, ya gaya musu uba ne ya kawo ɗansa da kansa, ya kuma ajiye mota da mutanensa a bakin kangayen har sati biyu. Ba a ƙona ko tabarma ɗaya ba. Na zagi hukuma a satin nan fiye da yadda na zage ta duk rayuwata, kuma har yau ina kan bakana game da hana babur da kamun kan mai uwa da wabi. Amma na ga abin da mutum ɗaya mai hankali zai iya yi daga bayan tebur.

Motar ta tashi ƙarfe goma da 'yan mintoci. Wurin da aka tanadar wa Baba, yaron ne ya zauna. Baba ya fito yana jan ƙafa, ya ga amininsa tsaye yana kallon ƙofar da motar ta bi. Ba su gaisa ba. Ya je ya tsaya kusa da shi, suka yi ta kallon titi tare. Da muka isa gida, Inna na kuka tana hamdala, abin da Baba ya fara ce mini shi ne, "Wa ya aike ki?" Ya yi kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Na ƙirga.

An sa shi ya yi alkawari a rubuce ba zai ƙara taɓa bindiga ba, bai kuwa ƙara ba. Ɗigon dai ya ci gaba da sawa a fartanya da garma. Babbar 'yar mamacin ta zo ajina bayan shekara biyu, yarinya mai shiru, na zaunar da ita a layin gaba. Duk lokacin da na kira sunanta a rajista sai na tuna wutar da na zuga.

Sai da na yi wata guda kafin na iya komawa kangon. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya ce, "Tashi. Kai ɗiyana ne. Da ba ka zo ba, da na kashe abokina ina zaune ban sani ba." Ya sa matarsa ta kawo ruwa a moɗar nan. Na shanye shi tas.

Baba ya ƙara shekara uku a duniya. Ya ga auren autarmu, ya yi wa jikoki biyu huɗuba, ya yi ta faɗa da ni a kan gishirin miya. Ya rasu a ɗakinsa, a kan gadonsa, Inna na riƙe da kansa, muna kewaye da shi. Waɗannan shekaru ukun kyauta ce aka ba mu, na kuma san wanda Allah ya bi ta hannunsa ya ba mu, na san abin da ya bayar a madadinsu. Ranar jana'iza mijina ya ce mini Baba na Dukku ya kama makara tun daga ƙofar gida, aka yi ta miƙa hannu a karɓe shi ya ƙi saki har maƙabarta.

Ɗansa yana tsare har yanzu. Shi da matarsa mun dawo da su ɗakin da ke jikin tsohuwar maƙera, duk abin da aka dafa a gidana da kwanonsu a ciki. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya fara hazo, in ya ji muryata daga bakin layi sai ya ce, "Kai ne?" Ba ya taɓa maganar ranar Alhamis ɗin nan. Sau ɗaya dai, yana zaune yana juya guntun ƙarfen Baba mai tsini a hannunsa, ya ce da ni shi abin da ke damunsa, ranar da tasa ta zo ba ɗan da zai kama masa makara.

Na koma gida na tara mijina da 'ya'yana maza uku na gaya musu. Makara kusurwa huɗu gare ta, kowa ya san tasa.